Iyaye, ku bar 'yan mata su tsaya zaman bayan tashi

Idan 'yarku da ke sakandaren gwamnati ta dawo ta ce malama ta ce su riƙa tsayawa bayan an tashi, don Allah kada a yi saurin cewa yawo take nema. A makarantu da yawa wannan zama yana cikin shirin tallafa wa ilimin 'yan mata da ake kira AGILE, wanda Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya da gwamnatocin jihohi ke gudanarwa da kuɗin Bankin Duniya. A 2020 aka amince da dala miliyan 500 don jihohi bakwai, har da Kano, Katsina, Kaduna, Kebbi da Borno. A 2023 aka ƙara miliyan 700, su Jigawa, Sakkwato, Zamfara da Bauchi suka shigo. Kuɗin nan fa bashi ne, kuma yaran da ke aji yau suna cikin waɗanda za su biya shi gobe. In an hana su cin moriyarsa, an yi asara biyu.

'Yan mata ne zalla ke zama da malama mace da aka horar. Ana koya musu tsaftar jiki, cin abinci mai gina jiki, yadda yarinya za ta kare mutuncinta ta kuma buɗe baki in wani ya nemi cutar da ita. Inda aka samu kayan aiki, har da kwamfuta.

Ni da nake aikin lafiya, batun al'ada ya fi tsaya mini a rai. Uwa tana kunyar 'yarta, balle in 'yar fari ce, sai jini ya zo wa yarinya ba wanda ya taɓa yi mata bayani. Ta yagi tsohon zane, ta wanke a ɓoye da daddare, ta cusa ƙarƙashin katifa bai bushe ba, gobe ta sake ɗaurawa. Sai ƙaiƙayi ya yi tsanani a kawo mana ita, ana cewa sanyi ne. Abin da ake buƙata bai fi a canza ƙyallen sau uku ko huɗu a yini, a wanke da sabulu, a shanya a rana ba. Maganar da ta yi wa uwa nauyi, malama takan faɗe ta cikin raha, yara su yi tambaya ba tsoro.

Haka ƙarancin jini. Ku ja fatar idonta ta ƙasa ku duba. In kun ga fari fat, ga jiri ga haki, ba lalaci ba ne. Zogale, alayyafo, wake da hanta suna taimakawa, shayi kuwa in an sha shi tare da abinci yana hana jiki ɗaukar sinadarin ƙarfe mai ƙara jini yadda ya kamata. Yarinya in ta ji wannan, har tukunyar gida takan amfana.

Na san abin da ke hana wasu: talla. Gidan da ribar awara ko gyaɗa ke cika cefane, ba zan ce musu abin wasa ne ba. Amma zaman ba kullum ake yi ba. A ranar, a rage yawan suya, ko a kasa a ƙofar gida.

Masu fargabar tsaro kuma suna da gaskiya. Baba, ka taka da kanka ka ga shugaban makaranta, ka san sunan malamar, da rana, da lokacin tashi. Ku shirya 'yan unguwa ɗaya su riƙa dawowa tare tun kafin magariba. In kuka ji an ce namiji ne zai zauna da su shi kaɗai, ko za a fita da su wajen makaranta ba da saninku ba, ku kai magana ga shugaban makaranta da kwamitin SBMC, wato kwamitin iyaye da jama'ar gari da ke sa ido kan makaranta, a ranar, kada ku bari ta kwana.