Iyakar girman faifan ajiya a tsofaffin kwamfutoci

Iyakar girman faifan ajiya matsala ce da ke tasowa idan aka ɗaura faifai mai girma a kan tsohuwar kwamfuta mai mahaɗar IDE, wato tsohon tsarin jona faifai da kwamfuta, musamman waɗanda aka ƙera daga farkon shekarun 1990 zuwa wajen 2002. Kwamfutar takan ga wani ɓangare kaɗai na faifan, ko ta tsaya cak wajen tashi, ko ta karɓe shi ta riƙa lalata bayanai ba tare da kowa ya sani ba. Masu gyara kan ci karo da ita a kwamfutocin gwanjo da suka rage a wasu shagunan buga takardu, domin ƙananan faifai irin na da sun yi wuyar samu. Galibi faifan lafiyarsa lau, lissafin kwamfutar ne ya gaza.

Asalin matsalar

A da, kwamfuta na gano kowane gurbi a faifai da lambobi uku: silinda, kan karatu da sekta, tsarin da ake kira CHS. Kowace sekta bayit 512 take ɗauka. BIOS, wato manhajar da ke tayar da kwamfuta, ta tanadi silinda 1,024 da kawuna 256 da sekta 63. Ƙa'idar IDE kuma ta tanadi silinda 65,536 da kawuna 16 da sekta 255. Da aka haɗa biyun, ƙaramar lamba a kowane fanni ce ta yi aiki: 1,024 sau 16 sau 63 sau 512, abin da ya ba da bayit 528,482,304. Shi ya sa kwamfutocin da suka girmi 1994 ke nuna megabayit 528, ko 504 a lissafin DOS, tsohuwar manhajar sarrafa kwamfuta, komai girman faifan.

Aka fito da dabarar sauya lambobin cikin BIOS, iyaka ta koma gigabayit 8.4. Daga nan tsarin LBA ya kankama, wanda ke jera sektoci da lamba ɗaya tak daga sifili. A tsakani akwai ƙananan tarkuna: wasu BIOS na rikicewa a giga 2.1, FAT16, tsarin jera fayiloli na DOS, ba ya wuce giga 2 a yankin faifai (partition) ɗaya, wasu BIOS na kamfanin Award na ƙarshen shekarun 1990 kuma kan daskare da zarar faifai ya haura kimanin giga 32.

Iyakar giga 137

Wannan ce mafi haɗari. LBA na farko yana ƙirga da bit 28, wanda ke ƙarewa a giga 137. Ƙa'idar ATA-6 ce ta kawo bit 48. Sauran iyakokin suna bayyana kansu tun daga farko, amma a nan faifan na iya nuna cikakken girmansa, a yi wata da watanni ana aiki. Ranar da rubutu ya tsallake iyakar, lissafi na iya komawa farko kamar mitar mota da ta cika ta koma sifili, sai sabbin bayanai su hau kan teburin da ke riƙe da tsarin faifan. Direban faifai na Windows 98 na asali, wato manhajar da ke sarrafa faifan, bai san bit 48 ba. Windows XP sai da sabuntawar SP1, Windows 2000 kuma sai da sabuntawar SP3 tare da kunna saitin EnableBigLba a rajista, wato ma'ajiyar saitunan Windows. Ga mai shago da ya tara ayyukan ɗalibai da takardun jama'a na shekaru, wannan asara ce da ba ta da maido, don haka bai kamata mai gyara ya miƙa irin wannan kwamfuta ba tare da ya tabbatar ba.

Bincike da gyara

Abu na farko shi ne duba girman da BIOS ya nuna, domin lambar kanta ke faɗin iyakar da aka ci karo da ita. Kafin nan a tabbatar jampa, wato ɗan maɓallin saiti da ke bayan faifai, na daidai, a kuma duba batirin allon kwamfuta (motherboard), sau da yawa CR2032, domin idan ya mutu saitin faifai na gogewa duk lokacin da aka ɗauke wuta.

Sabunta BIOS na magance da dama, amma kada a fara sai da janareta ko UPS, domin yankewar wuta a tsakiya na iya kashe allon. Faifai da yawa na da jampar da ke rage girmansu zuwa giga 32. Akwai kuma manhajoji irin su Ontrack Disk Manager da EZ-Drive, masu zama a farkon faifai su gyara lissafin. Aibinsu shi ne idan aka tayar da kwamfutar ta wata hanya ba su loda ba, faifan kan fito a hargitse. Hanya mafi tsabta ita ce katin kula da faifai mai BIOS nasa, kamar Promise Ultra133 a ramin PCI, ko kati mai ɗauke da XTIDE Universal BIOS ga masu ramin ISA. Katin CompactFlash na giga 2 ko 4 a kan adaftar IDE ma na aiki, ba ya da abin juyawa a ciki, ba ya kuma ɗaukar zafi sosai.

Yanayin BIOS da aka yi wa faifai fomatin a kansa, LBA ne ko Large ko Normal, shi za a bari. Sauya shi daga baya, ko mayar da faifan wata kwamfuta mai lissafi daban, na iya hana shi tashi ko da bayanan na nan.