Ba a hana sayar da bota ba, amma a duba jikin robar

Tun makon jiya wani saƙon murya ke yawo a WhatsApp tsakanin matan Aboabo da Asawase a Kumasi, ƙasar Ghana, wai gwamnati ta haramta botar waje, wai duk wadda aka kama da kwali ɗaya a teburinta shekara 25 za ta yi a gidan yari. Gwaggona mai sayar da kayan shayi a Alabar har ta kwashe nata ta tura ƙarƙashin gado. Da na je gaishe ta sai ta ce, "Ɗan nan, kai da ka yi boko, gaya mini gaskiya, in zubar ko in ajiye?" Na ce, "Gwaggo, kada ki zubar da kuɗinki, fito da su mu duba."

Ba a hana shigo da majarin ba, wato abin da muke kira bota a kasuwa, ba a kuma hana sayar da shi ba. Ina jin tushen maganar yana Nuwamban 2023, lokacin da ministan ciniki na wancan lokaci, K.T. Hammond, ya nemi kai wa majalisa ƙa'idar taƙaita shigo da kaya iri 22. A cikinsu akwai shinkafa, kaji, tumbi, sukari, man girki da majarin. Ko ita ma ba haramci ba ce, cewa ta yi sai ɗan kasuwa ya nemi izini kafin ya yi oda. 'Yan adawa suka ƙi, 'yan kasuwa suka yi ca, aka jingine ta a Disamba ba tare da ta zama doka ba.

Dokar da ke aiki ta girmi wannan rigima. Ita ce Dokar Lafiyar Jama'a ta 2012, mai lamba 851. Sashe na 97 ya ce ba wanda zai sarrafa abinci, ko ya shigo da shi, ko ya rarraba, ko ya sayar, ko ya baje shi don sayarwa, sai hukumar abinci da magunguna, FDA, ta yi wa abincin rajista. Wannan ya haɗa mai masana'anta, mai kwantena a tashar jirgin ruwa ta Tema, dillalin kasuwar Kejetia, mai kanti da mai tebur.

A nan mutane ke ruɗewa. Kayan ake yi wa rajista, ba mai teburin ba. Ba a ce Gwaggo ta je ofishin FDA ta yi wa robar bota rajista ba. Wannan nauyin mai yin kayan ne ko wanda ya shigo da shi: shi zai yi rajistar kamfaninsa, ya kai samfuri a gwada, ya nuna takardar da ke jikin kayan, sannan ya nemi izinin fito da shi ta tsarin kwastam na ICUMS da aka soma a 2020. Amma kalmar "baje shi don sayarwa" ta jawo mai tebur cikin maganar. Idan wanda ya kawo kayan ya bi ta barauniyar hanya a iyakar Aflao ko Elubo bai yi rajista ba, ke da kika ɗora a tebur kin taka sashen, ko da ba ki taɓa ganin iyaka ba.

Sai hukuncin, wanda shi ya fi tsorata mutane. Shekara 15 zuwa 25 ɗin da ake yayatawa na ɓangaren magunguna ne, ba na abinci ba. Na abinci yana sashe na 110: tara daga ma'auni 1,000 zuwa 7,500, ko ɗaurin shekara 4 zuwa 15, ko duka biyun. Ma'aunin tara ɗaya sidi 12 ne, ke nan daga sidi 12,000 zuwa 90,000. Kotu ce ke yanke wannan bayan an gurfanar da mutum an same shi da laifi. Ba jami'in da zai tsaya a gaban tebur ya yanke wa mutum shekaru, kuma duk wanda ya zo ya ce a ba shi "na goro" don ya rufe maganar, a nemi katin aikinsa da takarda a rubuce. Abin da aka fi gani a kasuwa shi ne a kwashe kayan a lalata, kuma ga mai ƙaramin jari wannan ma ya isa karaya.

Gaskiya wannan sashe bai kwanta mini ba. Sidi 12,000 a wurin mai kwantena kuɗin fito ne, a wurin matar da duk jarinta bai kai rabin haka ba kuwa rufe sana'a ne. Na yarda a tsare lafiyar yaran da ke cin burodi da bota kowace safiya kafin makaranta, amma ƙaramin hukuncin bai bambanta mai kwantena da mai tebur ba.

To yaya mai tebur za ta kare kanta? Da karanta jikin robar. Ƙa'idar rubutun jikin kaya ta 1992, L.I. 1541, ta ce a sami sunan kayan, abubuwan da aka haɗa, nauyi, sunan kamfani da adireshinsa, ƙasar da aka yi shi, lambar rukunin da aka yi shi a ciki, da ranar da zai lalace. Kuma da Turanci. Kayan da ya zo daga Togo ko Kodebuwa da Faransanci zalla, ba fassara, bai cika ƙa'ida ba komai kyansa. Kwanan watan da aka kankare ko aka manna wani a kansa, a bar wa dillali abinsa. A kuma riƙa karɓar rasit, don shi zai nuna inda kaya ya fito.

Sunan ma da magana. Man shanu daga nonon saniya yake, majarin kuwa galibi daga man tsirrai ne irin su manja da aka tace. A ma'aunin duniya na Codex, sai mai ya kai kashi 80 cikin 100 ake kiransa majarin. Rubuta wa majarin sunan man shanu yaudarar mai saye ce, kuma dokar ta hana.

Abin da ya fi damuna shi ne ƙullin leda. Ana sayen bokiti irin na masu gasa burodi, a ɗiba a ƙulla na sidi biyu, na biyar, don shi talaka ke iya saye. Ƙullin nan ba suna, ba kwanan wata, ga ranar Kumasi tana narkar da shi ya sake daskarewa. Wanda zai zuba a mazubi ya sa sunansa ya zama mai sarrafawa, sai ya nemi rajistarsa. Mai ɗiban kaɗan-kaɗan kuwa, shawarata, ba lasisi ba ce, ta bar bokitin a inuwa da murfinsa da takardarsa, ta ɗiba da cokali mai tsabta a gaban mai saye.

Da muka zazzage kayan Gwaggo, roba tara rubutunsu cikakke ne da Turanci, da sauran watanni kafin su lalace, suka koma tebur. Biyu Faransanci ne zalla. Washegari ta sa a jaka ta mayar wa dillalinta a Kejetia, ya ɗan yi gardama, ya canza mata, wannan karon da rasit.