Taɓin hankali da karanta fuska: ina maza da mata suka bambanta?

Me ya haɗa taɓin hankali da karanta fuska?

Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska. To, akwai masu larurar da fuska ke ba su labarin da ba shi ne ba. Ana nufin irin taɓin hankalin da ke sa mutum jin muryoyi ko zargin ana ƙulla masa sharri, musamman sikizofiriniya, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2022 tana damun kusan mutum miliyan 24, wato ɗaya cikin 300. Da yawansu sukan kasa bambance tsoro da mamaki, ko fushi da ƙyama. Na'urar bin motsin ido ta nuna ba su cika duban idanu da bakin mai magana ba, alhali nan ne labarin yake.

Yaya ake gwadawa?

Ana nuna wa mutum hotunan fuskoki, ya faɗi abin da ya gani. Gwajin da Jami'ar Pennsylvania ta Amurka ta tsara yana da hoto 40: farin ciki, baƙin ciki, fushi, tsoro, da fuskar da ba ta nuna komai.

To, wa ya fi shan wahala, maza ko mata?

Galibi maza. Wani bincike da aka yi a Utrecht ta ƙasar Holan a 2005 ya gano mata masu larurar sun fi maza gane fushi da ƙyama. Dama ko a cikin masu lafiya mata sun ɗan fi, kuma da alama ciwon bai shafe wannan fifiko ba.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne binciken Elisabeth Weiss da abokan aikinta na 2007, wanda ya duba irin kuskuren da ake yi. Idan aka nuna fuskar da ba ta nuna komai, maza masu larurar sun fi cewa fushi ne, mata kuwa sun fi cewa baƙin ciki. Ka ɗauki saurayin da mahaifinsa ya shigo gida a gajiye, bai ɗaure fuska ba, bai kuma sake ta ba. Shi a idonsa an murtuke masa, ga zargi dama yana cin sa. Daga nan sai ya ƙi cin abinci, ko ya kulle kansa a ɗaki, 'yan gida suna ta mamakin me aka yi masa.

Sai dai kada a zuzuta. Tazarar da ke tsakanin mai larura da mai lafiya ta fi ta tsakanin namiji da mace girma nesa ba kusa ba, wasu binciken ma ba su ga bambancin jinsi ba sam.

Me ke jawo bambancin?

Ciwon yakan riga kama maza, tun ƙarshen samartaka, kafin su goge a mu'amala da jama'a. Mata yakan zo musu daga baya, wasu ma sai lokacin ɗaukewar al'ada, abin da ya sa masana ke ganin sinadarin estrojin, wanda ya fi yawa a jikin mata, yana ba su ɗan kariya.

Magani yana gyara wannan?

Magungunan da ke rage muryoyi da zargi ba sa yin tasiri sosai a nan. Horo ne ya fi amfani. A Dusseldorf ta Jamus an tsara wani mai zama 12, inda ake koya wa mai jinya duban gira, ido da baki ɗaya bayan ɗaya kafin ya yanke hukunci. A gida kuwa, kada ku bar shi ya yi ta lalube a fuskarku. Ku furta da baki: "Gajiya ce kawai, ba fushi nake da kai ba."