Waiwaye: Faretin Helldorado da gidajen cacar Las Vegas

A ƙidayar 1930, mutanen Las Vegas dubu biyar ne da 'yan kai. Zangon jirgin ƙasa ne a hamadar Mojave, jihar Nevada ta Amurka, wanda kamfanin jirgin ya yanka filayensa ya yi gwanjonsu ranar 15 ga Mayun 1905. Ruwan maɓuɓɓuga ne ya tsayar da jirgin a nan, don na tururi ne, ba ya tafiya sai da ruwa.

Kakar garin ta yanke saƙa a 1931. Jihar ta halatta caca a watan Maris, kuma a shekarar aka fara gina madatsar ruwan Hoover a kogin Colorado. Leburori suna kwana a Boulder City, inda aka hana giya da caca, ranar albashi kuwa sai su kwararo titin Fremont, inda gidajen cacar Las Vegas suke, su zazzage aljihu.

Da aikin madatsar ya doshi ƙarewa, hankalin 'yan kasuwa ya tashi: idan leburori suka watse, wa zai kashe kuɗi? Daga wannan zullumin aka haifi bikin Helldorado a 1934, ƙungiyar zumunta ta Elks ta karɓi ragamarsa a 1935. Ana sa kayan kaboyi, a fito da kekunan doki da jakunan masu haƙar ma'adinai. Maza su tara gemu don gasa, wanda aka kama ya yi gyaran fuska a kai shi kotun wasa ya biya tara. Abin dariya, garin da ke bikin “zamanin da” shekararsa talatin kacal.

Tarkon baƙi aka ɗana, amma 'yan gari ne suka fi faɗawa ciki. 'Yan makaranta da gangunansu, mahaya dawaki, iyaye da yara a bakin titi, kusan kamar yadda hawan sallah ke fito da kowa daga gida. Bayan an buɗe El Rancho Vegas a 1941 da Flamingo a 1946, otal-otal masu gidajen caca suka shiga gasar ƙawata motocin fareti, kowanne ya ɗora 'yan rawarsa a sama. Talla suke yi, ba shakka, sai dai a lokacin mai gidan caca da mai shago suna haɗuwa a layi ɗaya.

Wannan zumuncin yana da iyaka. Baƙaƙen fata an killace su a unguwar Westside, ƙetaren layin dogo. Mawaƙi irin Sammy Davis Jr. zai cika ɗakin taro a otal, a hana shi ɗakin kwana a cikinsa. Otal ɗin Moulin Rouge, wanda ya buɗe wa kowa ƙofa a 1955, bai shekara ba ya rufe. Sai a Maris 1960, da ƙungiyar kare haƙƙin baƙaƙen fata ta NAACP ƙarƙashin Dakta James McMillan ta yi barazanar maci a titin manyan otal-otal, masu su suka sauko. Macin da ba a yi ba ya fi fareti da yawa tasiri.

Su kuma gidajen cacar sun riga sun bar garin a baya. Titin manyan otal-otal da ake kira Strip ba ya cikin birnin Las Vegas a hukumance; a 1950 aka ƙirƙiri yankin Paradise don kada birnin ya haɗiye shi da harajinsa. Da aka buɗe otal ɗin Mirage a 1989 da dutse mai aman wuta na bogi a ƙofarsa, wane otal ne zai damu da motar fareti sau ɗaya a shekara? Aka rufe titin Fremont ga motoci, aka yi masa rumfar fitilu a 1995, kafin ƙarnin ya ƙare Helldorado ya tsaya.

Hukumar birnin ce ta farfaɗo da faretin a 2005, lokacin cikar garin shekara ɗari. Ana yin sa a watan Mayu a tsohon cikin gari, 'yan kallonsa galibi mazauna ne, yayin da baƙi kusan miliyan 40 da ke zuwa duk shekara suke can Strip.