Yadda unguwa za ta kai kokenta ƙaramar hukuma a saurare ta

Sababbin unguwannin gefen birni kusan duk ciwonsu ɗaya ne, gidaje sun riga magudanan ruwa zuwa. Ana yanka filaye, kowa ya gina nasa ya ja katanga, ya fito da bututun ruwan wanka bakin hanya, ba tare da an zauna an tsara inda ruwan zai bi ba, balle inda za a zuba shara ko motar da za ta kwashe ta. Kafin a ankara unguwa ta cika, filin da ya rage babu gini kuma ya zama juji. Mu ma'aikatan lafiya a asibiti muke tarar da ƙarshen zancen: yaro da gudawa, dattijo da tarin da ba ya jin magani, mai ciki da zazzaɓi. Mu ba su magani, su koma inda suka kwaso cutar.

Gunaguni kam ana yi. A ƙofar gida ana yi, a waya ana yi, in ruwa ya shiga ɗaki har da zagi. Sai dai ƙaramar hukuma da takarda take aiki, da kasafin kuɗi, da ranakun zama. Abin da bai shiga takarda ba, a wurinta kamar bai faru ba ne. Don haka unguwar da ke son a ji ta sai ta fara sanin abin da ke damunta filla-filla.

Ɗauki maganar sauro. Mutane da yawa suna rubuta cewa kwatar da ta toshe ce ke kawo musu zazzaɓin cizon sauro, alhali sauron da ya fi son ruwan ƙazanta mai wari shi ne wanda ake kira Culex, mai hana barci, wanda a wasu ƙasashe yake yaɗa ciwon tundurmi. Mai kawo zazzaɓin, wato Anopheles, ya fi son ruwan da bai ƙazanta sosai ba kuma rana na dukansa, irin na kududdufin da aka haƙa don ɗibar ƙasar gini, ko sawun tayar mota bayan ruwan sama. Na ukunsu, Aedes, mai yaɗa zazzaɓin dengi da shawara, a cikin gida yake haihuwa: tsohuwar taya, gwangwani, durom ɗin da ba a rufe ba. Ƙwansa na iya yin watanni a bushe yana jiran ruwa. Daga ƙwai zuwa sauro mai tashi, a lokacin zafi, kwana 7 zuwa 10 ya isa. Kun ga ke nan aikin ya rabu. Cike kududdufi da buɗe babbar magudana sai da hukuma da kayan aikinta, amma kifar da gwangwani da wanke durom duk mako babu kansilan da zai shigo gidanku ya yi muku.

Haka batun rijiya. Ƙa'idar da masu aikin tsafta ke bi ita ce a bar aƙalla mita 30 tsakanin masai da rijiya, ƙasan ramin masai kuma ya kasance mita ɗaya da rabi sama da inda ruwan ƙasa yake kaiwa. A unguwar da filaye suke ƙanana, mutum zai iya kiyaye wannan a cikin gidansa, maƙwabcinsa ya zo ya haƙa nasa ramin jikin katanga, taku biyar daga rijiyar. Ba mugunta ya yi ba, filinsa ne ya kai nan. Irin wannan, gida ɗaya ba ya iya magance shi, sai an yi tsari na unguwa baki ɗaya, kuma mai ba da izinin gini shi ne ke da alhakinsa.

Ƙona shara shi ne abin da aka fi rainawa, don ana ganin tsafta ake yi. Hayaƙin leda da roba da taya yana ɗauke da ƙurar da ido ba ya gani, wadda ke ratsawa har can cikin huhu, ga kuma gubobi irin su dayoksin da ke fita idan aka ƙona robar PVC. Mai asma da jariri su ne ke fara biyan kuɗinsa. Mafi muni shi ne masu fasa tsofaffin batiran mota su narka dalma a tsakiyar gidaje. A Thiaroye-sur-Mer da ke gefen birnin Dakar na Sanagal, yara 18 suka mutu tsakanin ƙarshen 2007 da farkon 2008 saboda gubar dalma daga wannan sana'a, kuma sai da aka kwashe ƙasar unguwar da ta gurɓata. Duk inda kuka ga ana wannan aiki kusa da wurin wasan yara, ku kai magana ranar, kada ku jira taron wata.

To ta yaya ake kai maganar? Labarin wani likita mai suna John Snow ya isa darasi. A ƙarshen watan Agusta na 1854 kwalara ta ɓarke a unguwar Soho ta birnin Landan, cikin kwana goma ta kashe mutum sama da 500. A lokacin yawancin likitoci sun ɗauka wari ne ke yaɗa ta. Snow ya samo jerin waɗanda suka mutu, ya bi gida-gida yana tambayar inda suke ɗiban ruwa, ya gano kusan duk famfo ɗaya ne, na titin Broad. Ranar 7 ga Satumba ya tsaya gaban hukumar unguwar ya karanta musu abin da ya tara, ya roƙi abu guda tak, a cire hannun famfon. Washegari aka cire. Gaskiya annobar ta riga ta fara lafawa kafin nan, kuma mutanen hukumar ba su yarda da bayaninsa duka ba. Amma ya zo da lissafi a hannu, buƙatarsa kuma ƙarama ce da za a iya yi gobe da safe, shi ya sa ba su da hujjar ƙi. Daga baya aka tona aka ga rijiyar da famfon ke jan ruwa daga cikinta ba ta kai mita ɗaya ba tsakaninta da wani tsohon ramin masai.

Ku ma abin da za ku yi ke nan. A samu mutum uku ko huɗu, a cikinsu lallai akwai mata, don su suka san rijiyar da ruwanta ya canza launi da gidan da yaro ya kwana yana zawo. A zagaya unguwa da littafi. A zana taswira ko da hannu ne, a sa alama inda ruwa ke kwanciya, kwana nawa yake yi bai tafi ba, gida nawa yake shiga. A ɗauki hoto da waya, a wuri ɗaya, a ranaku daban-daban. Ma'aikacin lafiyar yankinku zai iya faɗa muku ko masu gudawa sun ƙaru a watan, ba tare da ya ambaci sunan kowa ba, don sirrin mara lafiya amana ce. Kada a ƙara gishiri. Idan kuka rubuta gida 40 aka zo aka tarar 12, an daina yarda da sauran takardar.

Takardar kanta kada ta wuce shafi ɗaya. Na sha ganin koke mai ɗauke da buƙatu goma sha, tun daga kwalta har fitilun titi har makaranta, wanda duk mai karanta shi zai gyaɗa kai ya sa a durowa, don babu sashe ɗaya da zai ce nasa ne. Ku zaɓi ɗaya: kwalbatin mahaɗar nan ta toshe, muna roƙon a yashe ta kafin ruwa ya sauka. Sannan ku bincika wa ke da ita. Wani titin na gwamnatin sama ne, ba na ƙaramar hukuma ba, wani juji kuma a filin wani mutum yake. Kansila aikinsa ya tayar da magana a zauren majalisa ya kare ta lokacin rabon kuɗi. Wanda zai zo ya auna, ya rubuta rahoto, ya ba mai laifi wa'adi, shi ne duba-gari ko injiniyan ayyuka. A ba kowa kwafinsa, ku riƙe naku da hatimi da kwanan watan da aka karɓa.

Lokaci ma yana da nasa. Kasafi na shekara ne, aikin da ke cin kuɗi kuma in bai shiga ba kafin a rufe, sai wata shekara, komai kyan hujjarku. Ku tambayi watan da ake haɗa shi ku riga shi. A ƙasashe da yawa zaman majalisar ƙaramar hukuma a buɗe yake ga jama'a, kuma ƙasashe sama da 100 suna da dokar da ta ba ɗan ƙasa damar neman bayani daga hukuma a rubuce. Neman haƙƙi ne, ba roƙon alfarma ba, domin a watan Yulin 2022 Babban Zauren Majalisar Ɗinkin Duniya ya amince cewa zama a muhalli mai tsafta da lafiya haƙƙin ɗan Adam ne. Amma a je da ladabi, kuma a nisanta koken da rigimar jam'iyya. Ranar da aka ce ƙungiyar unguwa ta 'yan wane ce, rabin unguwar ma ta janye hannunta.

Abin da ya fi sa a ɗauki unguwa da daraja shi ne ta zo tana cewa ga abin da muka riga muka yi. A Orangi, wata katafariyar unguwar talakawa a gefen birnin Karachi na Pakistan, wani masanin ci gaban al'umma mai suna Akhtar Hameed Khan ya fara wani shiri a 1980. Mutanen kowane lungu su zaɓi mutum ɗaya ya tara kuɗi, masana su auna musu gangaren ƙasa su ara musu kayan aiki, su kuma su shimfiɗa bututun ƙazanta na lungunsu da hannunsu. Manyan bututai da wurin tace ƙazanta aka bar wa hukuma. Da haka gidaje sama da 100,000 suka samu magudana. Ba kowace unguwa ce za ta iya wannan ba, kuma bai kamata hukuma ta fake da shi ta sauke nauyinta a kan talaka ba. Amma ko daina zuba shara a kwata da yashe ta gaban ƙofa ya isa ya toshe bakin jami'in da zai ce ai ku kuka toshe ta. In za a fita yashewa, a sa takalmin roba da safar hannu, mai rauni a ƙafa kuma ya zauna, don fitsarin ɓera a ruwan kwata yana ɗauke da ƙwayar cutar da ke shiga ta miki ta taɓa ƙoda da hanta.

Bayan an kai takarda sai bibiya. A sa rana, mako biyu ko uku, a koma da kwafin mai hatimi a tambayi teburin da ta kai. In aka yi alkawari da baki, a rubuta gajeriyar wasiƙar godiya a ambaci alkawarin da ranarsa a ciki. In aka yi aikin, a faɗa a fili cewa an yi, don jami'in da aka yaba wa ya fi saurin amsa kira na gaba. In aka yi shiru har sau biyu, sai a kai maganar hukuma ta gaba, ko a gayyaci 'yan jarida su zo su gani da idonsu.

Abu ɗaya ne ba ya bin wannan layi. Idan manya biyu ko uku a lungu ɗaya suka kamu da gudawa mai kama da ruwan shinkafa a kwana ɗaya ko biyu, a fara ba su ruwan gishiri da sukari na ORS, a kai su asibiti nan take, a kuma sanar da ma'aikatan lafiya a ranar. Irin wannan gudawa alamar kwalara ce, wadda ke iya bayyana daga sa'a 12 zuwa kwana 5 bayan an sha gurɓataccen ruwa, kuma tana iya kashe babban mutum cikin sa'o'i. Kafin a zo a duba rijiyar da ake zargi, kowa ya tafasa ruwan shansa ko ya sa masa kulorin.