Waiwaye: Hular da ta tsare ƙoƙon kan Junior Seau, ta bar ƙwaƙwalwarsa

Da zarar kakar ƙwallon Amurka ta kama a watan Satumba, sai tsohuwar gardama ta taso a gidajen talabijin da tarukan iyayen yara: shin wasan nan yana da gyara, ko kuwa lalata ƙwaƙwalwa a jininsa yake? A jihar Kalifoniya an kai wa majalisa ƙudurin hana yara 'yan ƙasa da shekara 12 buga nau'in wasan da ake kayar da juna, amma bai zama doka ba a 2024. A shekarar kuma babbar gasar ƙasar, NFL, ta amince wa 'yan wasa su ɗora wata rufa mai taushi a kan hularsu yayin wasa. Wanda ya tsinci zancen a tsakiya zai ɗauka jiya cutar ƙwaƙwalwar 'yan wasan ta ɓulla. Rayuwar Junior Seau, tsohon gwarzon gasar NFL, kaɗai ta isa ta nuna cewa abin ya daɗe yana tahowa.

Wasan ba ƙwallon ƙafar da muka sani ba ne, ya fi kama da zari-ruga. Mutum 11 ne a kowane ɓangare. Gurbin da Seau ya riƙe, wanda ake kira lainbaka, yana 'yan taku kaɗan a bayan sahun farko na masu tsaron gida. Aikinsa ya karanci inda ƙwallo za ta bi, ya rugo ya tare mai ɗauke da ita ya kai shi ƙasa. Wannan 'yar tazara tana ba shi filin ɗibar gudu, don haka kusan duk karon da zai yi, da ƙarfinsa gaba ɗaya yake yinsa.

An haifi Seau ranar 19 ga Janairun 1969. Iyayensa 'yan tsibirin Samoa ne, ya tashi a garin Oceanside cikin rashi, shi da 'yan'uwansa a garejin mota suke kwana. Daga Jami'ar Kudancin Kalifoniya ƙungiyar San Diego Chargers ta ɗauke shi a 1990, shi ne na biyar da aka zaɓa a duk ƙasar. Ya yi mata kaka 13 sanye da riga mai lamba 55, an sa shi cikin zaratan gasar sau 12 a jere, sannan ya wuce Miami Dolphins da New England Patriots. Kaka 20 cur, wasa 268. Ranar 2 ga Mayun 2012 ya kashe kansa a gidansa, yana da shekara 43. A Janairun 2013 likitocin cibiyar binciken lafiya ta gwamnatin Amurka suka tabbatar cewa ƙwaƙwalwarsa na ɗauke da cutar da ake kira CTE, wadda yawan buguwar kai ke haddasawa. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, a duk shekarun nan 20 ba a taɓa rubuta sunansa cikin jerin masu rauni da sunan girgizar ƙwaƙwalwa ba.

Farkon labarin sananne ne. A 1905 aƙalla 'yan wasa 18 suka mutu, Shugaba Theodore Roosevelt ya kira manyan jami'o'i fadarsa, aka gyara dokoki, aka halatta jefa ƙwallo gaba a 1906 domin a rage cinkoson jiki. A 1928 wani likita mai suna Harrison Martland ya bayyana yadda tsofaffin 'yan damben boko ke komawa suna tafiya da magana kamar mashaya. An san bugun kai yana tara illa tun lokacin, sai dai an bar zancen a fagen dambe.

Inda ba a cika tsayawa ba shi ne lokacin da hula ta canza. Da can hular fata ake sawa, mai laushi, fuska a buɗe. Mai irin wannan hula ba ya buƙatar a koya masa kawar da kai. Tsoron karyewar hanci da zubewar haƙora ya ishe shi malami. Da kafaɗa yake tarar mutum, ya rungume shi da hannu ya kayar. A 1939 aka ƙera hular roba mai tauri, bayan Yaƙin Duniya na Biyu ta bazu, cikin shekarun 1950 aka ƙara mata sandar kare fuska, kafin farkon shekarun 1960 kusan kowa ya sa. Niyyar mai kyau ce, kuma ta yi aikin da aka yi ta dominsa: fashewar ƙoƙon kai da farfashewar fuska sun ragu.

Amma mahayin da ya sa kwalkwali da lifidi ba ya shiga fage irin shigar wanda ke sanye da riga kawai. Da ɗan wasa ya ji fuskarsa a killace, sai kai ya tashi daga abin da ake ɓoyewa ya zama abin da ake kai hari da shi. Salon koyarwa ya bi sahu tun daga makarantun sakandare: aka riƙa ce wa yaro ya ɗora fuskarsa a kan lambar da ke ƙirjin abokin karawarsa. A daidai wannan zamani kuma aka saki dokar canjin 'yan wasa, a gasar ƙwararru tun 1950, a jami'o'i a tsakiyar shekarun 1960. Da mutum ɗaya ke kai hari kuma ya yi tsaro, dole ya tattala ƙarfinsa. Yanzu an samu wanda ba shi da aiki sai tarewa, yana hutawa a benci yana dawowa da sabon ƙarfi, yana ƙara ƙiba da gudu shekara bayan shekara. Lainbakan zamani, irin Seau mai nauyin kilo kusan 113, ɗan wannan sauyi ne.

Sakamakon bai ɓoyu ba. A 1968, shekara ɗaya kafin a haifi Seau, mutum 36 suka mutu ta dalilin wasan kai tsaye, mafi yawansu ɗaliban sakandare, kuma raunin kai da wuya ne ya fi cinye su. Aka tashi tsaye. A 1973 aka fito da ma'aunin gwada ingancin hula, a 1976 makarantu da jami'o'i suka haramta fara karo da kai. Dokar ta yi tasiri sosai: waɗanda karayar wuya ta shanye wa hannu da ƙafa sun ragu daga 34 a 1976 zuwa 5 a 1984. A nan ne, a ganina, aka yi kwanan da ya ɓatar da kowa. Tun da gawa ta ragu, keken guragu ya ragu, sai aka ɗauka an gama da matsalar kai. Abin da aka auna shi ne abin da ido ke gani a fili, wato jini da karaya da suma.

Ƙwaƙwalwa kuwa taushinta kamar kindirmo ne a cikin ƙwarya. Ko da ƙarfe ka lulluɓe ƙwaryar, in ka girgiza ta, ita za ta tsira, kindirmon ne zai dame. Hula ba ta hana ƙwaƙwalwa bugun bangon ƙoƙon kai duk lokacin da jiki mai gudu ya tsaya cak. Kuma ba lallai sai an suma ba. Wani bincike da aka wallafa a 2023 ya nuna cewa jimillar ƙarfin buguwar da mutum ya tara a rayuwarsa ta fi yawan girgizar da aka rubuta masa nuna wanda zai kamu da cutar CTE. Wannan ya warware abin da ya ɗaure kai game da takardun Seau: ƙananan karo ne, a wasa da atisaye, tun yana yaro, waɗanda babu mai ƙirgawa.

Masu kallo ma suna da nasu kaso. Wasan da aka fi tuna Seau da shi shi ne na Janairun 1995 a birnin Pittsburgh, inda ya kayar da mutum sau 16 da jijiyar wuya a danne, ya kai ƙungiyarsa wasan ƙarshe na Super Bowl. Jarumtar ta gaske ce, ba na rage ta. Sai dai yaron da ya ga an yi wa mai ɓoye ciwo kirari, shi ma ba zai faɗi nasa ba.

A wannan birni na Pittsburgh ne, a 2002, wani likita ɗan Najeriya daga jihar Anambra, Bennet Omalu, ya binciki ƙwaƙwalwar Mike Webster, tsohon ɗan wasa da ya rasu yana da shekara 50. Ya tarar da wani sinadari mai suna tau ya taru ya cuccure a cikinta, ya wallafa sakamakon a 2005. A 2017 Jami'ar Boston ta samu cutar a ƙwaƙwalwa 110 cikin 111 na tsofaffin 'yan NFL da ta duba. Adalci ne a faɗi cewa iyalan da suka ga alamun ciwo su ne suka fi ba da ƙwaƙwalen mamatansu, don haka adadin ba ya wakiltar kowa. Har yanzu kuma ba a iya tabbatar da cutar sai bayan mutuwa.

A 2015 aka shigar da sunan Seau zauren girmama gwarazan wasan, ba ya raye. A watan Maris na shekarar, Chris Borland, lainbakan San Francisco 49ers mai shekara 24, ya ajiye hularsa bayan kaka ɗaya tak, ya ce yana tsoron abin da wasan zai yi wa ƙwaƙwalwarsa. Luke Kuechly, wanda ake sawa cikin fitattun masu wannan gurbi, ya yi ritaya a farkon 2020 yana da shekara 28. Nau'in wasan da za a buga a gasar Olamfik ta Los Angeles a 2028 kuwa, ba a kayar da kowa a cikinsa, ƙyalle ake fizgewa daga ƙugun mai ƙwallo, kuma ba a buƙatar hular roba.