Raba aiki a fannin lafiyar ƙwaƙwalwa: abin da kalmar take nufi

Duk wanda ya saba karanta rahotannin Hukumar Lafiya ta Duniya zai lura da wata kalma da ke yawan dawowa idan ana maganar taɓin hankali a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi, wato "raba aiki". Ma'anarta ita ce a ɗauki wani ɓangare na aikin da a da babu mai taɓa shi sai likitan ƙwaƙwalwa, a koya wa ma'aikatan da dama su ne marasa lafiya ke fara gani: ma'aikacin jinya, ungozoma, jami'in lafiya na ƙaramin asibiti, wani lokaci ma har mutumin gari wanda bai taɓa zama a ajin koyon likitanci ba. Ana koya musu gane alamomin cuta, da bambanta ta da sauran cututtuka, da ba da maganin da aka yarje musu, da kuma sanin lokacin da abu ya fi ƙarfinsu. Shi kuwa ƙwararren likita yana nan cikin aikin, sai dai matsayinsa ya sauya, ya koma mai horarwa, mai sa ido, kuma wanda ake tura wa abin da ya gagara.

Dalilin da ya sa aka koma ga wannan hanya lissafi ne kawai. Hukumar ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum ɗaya cikin takwas a duniya, kimanin miliyan 970, yana fama da wani nau'i na matsalar ƙwaƙwalwa. Ƙididdigarta ta 2020 ta nuna cewa a ƙasashe matalauta ma'aikatan wannan fanni ba su kai biyu ga kowane mutum 100,000 ba, alhali a ƙasashe masu arziki sun haura 60, kuma abin da gwamnatoci ke ware wa fannin bai wuce kimanin kashi 2 cikin 100 na kasafin lafiya ba. Sakamakon haka, fiye da kashi 75 cikin 100 na masu irin waɗannan cututtuka a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfi ba sa samun magani ko kaɗan. Horar da likitan ƙwaƙwalwa ɗaya yana cin shekara goma ko fiye idan an haɗa da karatun likitanci na farko, kuma 'yan kaɗan ɗin da aka samu sukan taru a manyan birane ko su tafi ƙetare. Wanda ya ce a jira sai sun wadata ya yanke wa mutanen wannan zamani hukuncin zama babu magani.

Kalmar ba a fannin ƙwaƙwalwa aka haife ta ba. Ta yi ƙarfi ne a yaƙi da cutar ƙanjamau, lokacin da aka ga babu isassun likitocin da za su ɗora miliyoyin mutane a kan magani, har hukumar ta fitar da ƙa'idojin hakan a 2008. A wancan lokaci lafazin da ake amfani da shi yana nufin miƙa aiki, wato a sauke kaya daga kan wani a ɗora wa wani. Daga baya masu aiki a fannin ƙwaƙwalwa suka fi karkata ga lafazin da ke nufin rabawa, kuma a ganina sauyin ya wuce ƙawata magana. Wanda ya miƙa maka kaya yana iya juya baya ya kama gabansa, amma wanda kuka raba kaya da shi tafiyarku ɗaya ce. Shirin da aka ɗauke shi da ma'ana ta farko yana iya rushewa.

Babban kayan aikin da ake horarwa da shi shi ne shirin da ake kira mhGAP, wanda hukumar ta ƙaddamar a 2008 domin cike giɓin da ke tsakanin masu buƙatar magani da masu samunsa. A 2010 aka fitar da littafin jagora na shirin, aka sabunta shi a 2016, sannan a 2023 aka sake duba ƙa'idojin har aka ƙara babi a kan ciwon fargaba. Akwai kuma wani bugu na musamman da aka fitar a 2015 tare da hukumar kula da 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya, domin wuraren da yaƙi ko bala'i ya ɗaiɗaita. Littafin bai yi ƙoƙarin tattaro dukkan ilimin ƙwaƙwalwa ba. Ya zaɓi 'yan cututtukan da suka fi yawa ko suka fi illa, irin su ciwon damuwa, da gushewar hankali, da farfaɗiya, da ciwon mantuwa na tsofaffi, da matsalolin yara da matasa, da shaye-shaye, da yunƙurin kashe kai, ya tsara kowanne a matsayin jerin tambayoyi: idan amsa ta zama e, a yi kaza, idan ta zama a'a, a wuce gaba. Horon farko yakan ɗauki kwana biyar zuwa shida, kuma an yi amfani da shirin a ƙasashe fiye da 100.

Domin a ga abin da horon ke sauyawa, a ɗauki misalin matar da ta zo ƙaramin asibiti karo na uku cikin wata biyu. Kukanta bai canza ba: ciwon kai, ciwon jiki, kasala, rashin barci. A zuwan farko da na biyu an ba ta maganin ciwon jiki da na ƙarin jini, ta tafi. Ma'aikaciyar da ta samu horo za ta sa a rufe ƙofa, ta roƙi 'yar rakiya ta ɗan jira a waje, sannan ta tambaya: "Baiwar Allah, ya zuciyarki take a 'yan kwanakin nan? Abubuwan da kika saba jin daɗinsu, har yanzu kina jin daɗinsu?" Idan ta gano cewa baƙin ciki da rashin sha'awar komai sun kai aƙalla mako biyu, kuma sun hana matar gudanar da harkokinta, to ta kama hanyar gano ciwon damuwa. Daga nan sai tambayar da ma'aikata suka fi jin nauyinta, wato ko ta taɓa tunanin raba kanta da duniya. Da yawa suna tsoron cewa yin tambayar zai saka wa mutum tunanin da ba shi da shi, kuma wani ɓangare na horon shi ne cire musu wannan tsoro, domin bincike ya nuna tambayar ba ta haifar da hakan, sau da yawa ma sauƙi take kawowa ga wanda ya daɗe yana haɗiye abin shi kaɗai. A duniyar da mutum fiye da 700,000 ke kashe kansu kowace shekara, wannan tambaya ɗaya tana da nauyi.

Akwai wuraren da ake jaddada taka-tsantsan. Kafin a ba wa matar nan maganin damuwa irin su amitriptyline ko fluoxetine, dole a bincika ko ta taɓa shiga yanayin da ta kwana da kwanaki ba barci, tana surutu ba tsayawa, tana kashe kuɗi ba lissafi, domin idan ciwonta mai hawa da sauka ne, wannan magani shi kaɗai yana iya tayar mata da shi. Haka kuma mutumin da aka kawo yana sambatu, bai san inda yake ba, jikinsa da zafi, kuma jiya lafiyarsa ƙalau, ba a gaggauta ce masa mai taɓin hankali. Mai yiwuwa zazzaɓin cizon sauro ne ya hau masa kai, ko sanƙarau, ko sukarin jininsa ne ya faɗi, kuma idan aka yi masa allurar kwantar da hankali aka ƙyale shi yana iya rasa ransa kafin gari ya waye.

Farfaɗiya cuta ce ta jijiyoyin ƙwaƙwalwa, amma an saka ta cikin shirin domin ƙyamar da ke bin ta iri ɗaya ce, kuma a nan ne ribar horon ta fi saurin bayyana. Kimanin mutum miliyan 50 ke da ita a duniya, kusan kashi 80 cikin 100 a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfi, kuma har kashi 70 cikin 100 na iya daina faɗuwa idan sun samu magani daidai, wanda wani daga cikinsa, kamar phenobarbital, yana da arha ƙwarai.

Raba aiki bai tsaya ga ƙwayar magani ba, kuma hujjojinsa mafi ƙarfi ma daga maganin da ake yi da magana suka fito. A karkarar Rawalpindi ta Pakistan, an horar da matan da ke bin gida-gida don duba masu ciki, aka koya musu hanyar taimaka wa uwa ta gane munanan tunanin da ke danne ta, ta maye gurbinsu. Sakamakon da aka wallafa a 2008 ya nuna cewa bayan wata shida, yawan matan da ke cikin damuwa a rukunin da ya samu wannan kulawa bai kai rabin na ɗaya rukunin ba. A Harare ta Zimbabuwe kuma, likita Dixon Chibanda ya horar da tsofaffin mata su zauna a kan benci a harabar asibiti, su saurari mutum, su taimaka masa ya zaɓi matsala ɗaya daga cikin tulin matsalolinsa ya nemi mafitarta, cikin zama kamar shida. Gwajin da aka wallafa a 2016 ya tabbatar da amfaninsa. Abin lura shi ne waɗannan tsofaffi ba su yi amfani da sunan cutar na asibiti ba, sun kira ta da kalmar harshen Shona da ke nufin yawan tunani, wadda mutum zai iya amsawa ba tare da ya ji an jingina shi da hauka ba.

Inda ake yawan yin tuntuɓe shi ne bayan an watse daga ɗakin horo. Ma'aikaci ya dawo da takardar shaida da littafin jagora, ya tarar da layin marasa lafiya sittin, kowanne yana da minti biyar, ga rigakafi, ga awon ciki, ga rahoton wata. Ya gano mai gushewar hankali, ya rubuta masa maganin haloperidol, aka duba ɗakin magani babu. Ko kuma akwai, mara lafiya ya sha, wuyansa ya sandare, danginsa suka firgita suka daina ba shi, kuma babu wanda ma'aikacin zai kira ya tambaya. Bayan 'yan irin waɗannan, sai ya daina tambayar da aka koya masa, domin ba ya son buɗe ƙofar da ba zai iya rufewa ba. Wani lokaci kuma ana gama horar da shi sai a canza masa wurin aiki. Shi ya sa masana suka dage cewa sa ido na kai-a-kai shi ne ƙashin bayan tsarin: ƙwararre ya riƙa zuwa ko ya riƙa kiran waya, a buɗe katin marasa lafiya ɗaya bayan ɗaya, a gyara kuskure tun yana ƙarami. Ƙirga yawan waɗanda aka horar abu ne mai sauƙi da ke ƙawata rahoto, amma ba ya nuna ko mutum nawa ne suka warke.

Akwai masu sukar tsarin da cewa an ware wa talaka kulawa mai daraja ta biyu, kuma an ƙara wa ma'aikatan da albashinsu bai taka kara ya karya ba kayan da ba a biya su a kai. Kashi na biyu na sukar gaskiya ne a wurare da dama, musamman inda ake dogara da 'yan sa kai shekara da shekaru. Kashi na farko kuwa yana mantawa da cewa ko a ƙasashe masu arziki, likitan iyali ne ke kula da mafi yawan masu ciwon damuwa, kuma masu cutar da ke buƙatar shan magani na watanni ko shekaru sun fi ɗorewa a kan shan sa idan wurin karɓar maganin yana kusa da gida. Ma'aikacin da ke zaune cikin jama'a shi ne zai lura cewa saurayin da ke karɓar maganinsa kowane wata bai zo ba, ya duba rajista, ya aika a tambayi mahaifiyarsa ko lafiya, tun kafin ciwon ya dawo a kai ga ɗaure shi da sarƙa.